CIWON SUKARI NA ƘURUCIYA DA GUDUN NEMAN TAIMAKO

Jawabin Kwamitin Lafiya na Ekklesiya a Bikin Cika Shekara 50

 

Kwamitin shirye-shirye ya ba mu ɗan lokaci, ya ce mu faɗi abin da muke so Ekklesiya ta ɗauka a matsayin aikin tunawa da wannan biki. An kawo shawarar katanga, an kawo ta sababbin kujeru, dukansu kuwa ana bukata. Mu abin da muka kawo shi ne maganar yara masu ciwon sukari. A cikin wannan kwamiti akwai ma'aikatan asibiti, akwai kuma iyayen da suke yi wa 'ya'yansu allura safe da yamma, saboda haka abin da za mu faɗa muna cikinsa ne.

BA CIWON TSOFAFFI KAƊAI BA NE

Idan aka ce ciwon sukari, abin da yakan zo wa yawancinmu shi ne dattijo mai ƙiba wanda likita ya hana shi shayi mai zaƙi. Wannan shi ne nau'i na biyu, shi ne kuma ya fi yawa. Akan fara riƙe shi da gyaran abinci, da motsa jiki, da ƙwayoyin magani. Wanda muke magana a kai shi ne nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, ko da yake yakan sami babba ma.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita take yin sinadarin da ake kira insulin. Tuwon da muka ci, ko fura, ko shinkafa, yakan narke ya zama sukari ya shiga jini, insulin kuma shi ne yake buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, garkuwar jikin yaron ce da kanta take juyawa ta kashe ƙwayoyin halittar da suke yin insulin. Daga nan sukari sai ya taru a jini, ya riƙa fita ta fitsari, jiki kuwa yana cikin yunwa ko da yaron ya cinye tukunya.

Muna roƙon iyaye mata su ji wannan da kyau, gama a kansu akan ɗora laifi. Alewa ba ta kawo wannan ciwo, rake ma haka. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Ba jifa ba ne, ba kuwa hukuncin wani zunubi na iyaye ba ne. Mun saba cewa rigakafi ya fi magani, to, a wannan karo karin maganar bai yi mana aiki ba, domin har yanzu babu allurar rigakafin da take hana shi. Abin da yake hannunmu shi ne ganewa da wuri.

Alamun ba su da wuya. Yaro yana shan ruwa kamar an zuba a rairayi, yana fitsari dare da rana. Wanda ya daina fitsarin kwance shekaru da suka wuce ya koma yi. Yana ci amma yana ramewa, ga gajiya, ya daina fita wasa. Kiyashi yana taruwa a inda ya yi fitsari. Wannan ta ƙarshe kakanninmu sun san ta tun kafin a gina asibiti a ƙasar nan. Idan kun ga biyu ko uku daga cikinsu, kada ku doki yaron saboda ya jiƙa tabarma. Ku kai shi a soki yatsarsa a auna, awon ba ya ɗaukar minti biyu. Idan ma'auni ya nuna 200 mg/dl ko fiye, ga kuma waɗannan alamu, ranar nan ya kamata likita ya gan shi, ba a jira ranar kasuwa.

Abin da yake kashe yaranmu shi ne jinkiri. Idan jiki ya rasa insulin kwata-kwata, sai ya shiga ƙona kitse, daga nan wata guba mai suna kiton ta taru a jini. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, yana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa yana ƙanshin 'ya'yan itace da suka nuna sosai, sa'an nan ya fara rikicewa har ya suma. A wurinmu duk yaron da ya yi amai da kasala zazzaɓin cizon sauro akan ce, in ba shi ba taifod. Sai a wuce kemis a sayo magani, kwana biyu babu sauƙi a canza wani, wani lokaci ma a ɗaura masa ruwa mai sukari a ciki. Kafin a isa babban asibiti, lokaci ya ƙure. A gida sai a ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ba wanda zai taɓa sanin sunan abin da ya kashe shi. Wani babban nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 8.4 ne suke da wannan nau'i a duniya, kimanin 35,000 kuma sun mutu a shekarar ba tare da an gano ciwon ba, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Nazarin ya ce yaro ɗan shekara 10 da aka gano masa ciwon a ƙasa mai arziki yana iya sa ran ƙarin shekara 65, takwaransa a ƙasa matalauciya kuwa ƙarin shekara 13. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya ne.

YADDA AKA SAMI ALLURAR

Kafin 1922, yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa. Iyakar abin da likitoci suke iya yi shi ne su rage masa abinci har ya zama ƙashi da fata, domin a ƙara masa 'yan watanni. A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting tare da ɗalibi Charles Best suka fitar da insulin daga jikin dabbobi, a ɗakin binciken Farfesa John Macleod, James Collip kuma ya tace shi. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Ya tashi daga bakin mutuwa, ya ƙara shekara 13 a duniya. Banting da Best da Collip sun sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗai-ɗai, domin kada kuɗi ya hana kowa samu. Wanda ya sayi kwalba ɗaya a 'yan shekarun nan, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ya san yadda wannan buri ya ƙare.

Lokacin da iyayenmu suka kafa wannan Ekklesiya, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, gama sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. A wancan zamani daga jikin shanu da aladu ake tatso insulin, mai ciwo kuma da fitsari yake gwada sukarinsa. A 1982 aka fara sayar da insulin irin na mutum wanda ake haɗawa a masana'anta, shi da ire-irensa ne ake samu a asibitocinmu yau. Mun faɗi wannan ne domin mun ji ana raɗe-raɗi a kan abin da ake yin allurar da shi, ku kwantar da hankalin duk wanda ya tambaye ku.

ZAMAN YAU DA GOBE

Insulin ba ya warkar da ciwon, riƙe rai yake yi. Ba a haɗiye shi domin ciki zai narkar da shi, dole sai ta allura a ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya ko dantse, sau biyu zuwa huɗu ko fiye a yini, bisa ga tsarin da likita ya ɗora yaron. Babu hutun Kirsimeti, babu na Ista. Kowace allura kuma sai an daidaita ta da abinci da aikin da yaro zai yi. Uwa takan zama mai lissafi ba shiri: malmalar tuwo nawa ya ci, ya sha kunu ko bai sha ba, yau akwai ƙwallo a makaranta ko babu. Idan allura ta yi kaɗan sukari ya hau, in aka daɗe a haka kuwa idanu, ƙoda da jijiyoyin ƙafa su ne suke biya bayan shekaru. Idan ta yi yawa, ko yaro bai ci abinci ba, sukari ya faɗi.

Faɗuwar nan muke so kowa a cikin majami'ar nan ya iya ganewa, musamman malaman Makarantar Lahadi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 mg/dl, yaro yakan fara rawar jiki da gumi, ya ji yunwa mai tsanani, ko ya yi ta fushi ba dalili, ko maganarsa ta sarƙe kamar ta wanda ya bugu. Maganinsa sukari ne, nan take: ƙwaya uku ta sukari, ko cokalin shayi uku a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, ƙaramin yaro kuma a rage masa. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a sake, in ya dawo a ba shi abinci. Idan ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mun san abin yana ba mutane mamaki, a ce mai ciwon sukari a ba shi sukari. Wata rana za ku ga yarinya tana tsotsar alewa ana tsakiyar wa'azi. Kafin ku harare ta ko ku ƙwace, ku tambayi uwarta.

Akwai magana biyu da suka shafe mu a matsayin masu bi, za mu faɗe su a fili a gaban Fastocinmu. Ta farko azumi. Idan Ekklesiya ta kira azumi da addu'a, yaro mai wannan ciwo ba ya ciki, matashi ko babba mai shi kuma kada ya shiga sai da shawarar likitansa. Ta biyu ta fi nauyi. Akwai masu zagaya garuruwa suna taron warkarwa, suna ce wa iyaye su zubar da magani domin su nuna bangaskiya. Mu ma muna yi wa 'ya'yanmu addu'a, wataƙila fiye da kowa, domin mu ne muke tashi tsakar dare mu taɓa goshinsu mu ji ko akwai gumi. Amma yaron da aka tsayar wa insulin yana iya shiga halin mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda ya ce muku ku daina allura, ko da wane suna ya zo, ko da Littafi a hannunsa ko da ƙullin sassaƙe, kada ku saurare shi. A nan ma akwai tarko: bayan an fara allura, wasu yaran sukan sami 'yan watanni da bukatarsu ta insulin take raguwa ƙwarai, sai iyaye su ɗauka an warke. Ɗan sauran ƙarfin fankiriyas ne, yakan kuma ƙare.

Ga iyayen samari kuma, yarinya mai wannan ciwo tana aure, tana haihuwa, in dai tana samun kulawar likita kafin ciki da lokacin ciki. Ɓoyewar da iyaye suke yi saboda tsoron kada a fasa aurenta ita ce takan sa yarinya ta riƙa tsallake allura idan tana cikin mutane.

Sai maganar ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, amma kada ta daskare, in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe kuma ana amfani da ita kimanin mako huɗu. To, ina firji a ƙauyukanmu, ina kuma wutar da za ta riƙe shi a watan Afrilu, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40? A nan Jigawa tana da abin alfahari. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Dutse, shi ne ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Yayin da ruwan yake bushewa, sai ya tafi da zafin da ke ciki. Ya yi ta ne domin tumatir da alayyafo, ta kuma kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gwada irin waɗannan tukwane daga ƙasashe kamar Sudan, Mali da Indiya, ya nuna suna rage wa insulin zafi sosai, musamman inda iska take a bushe kamar tamu. A sa kwalbar cikin ƙaramin mazubi mai murfi domin kada ruwa ya cinye rubutun da ke jikinta, a kuma riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

ME YA KAWO GUDU?

Wani dattijonmu da ya ji shawarar nan ya yi dariya ya ce, shi a saninsa mutum ba ya gudu sai in an biyo shi. Bari mu ba da amsa.

A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji, ya sa ƙafar roba ya kama gudu domin tara kuɗin bincike. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373 kafin ciwon ya tsayar da shi. Ya rasu a 1981, amma har yanzu ana gudu da sunansa kowace shekara. A 1981 ɗin ne kuma aka fara gudun fanfalaki na Landan, mai kilomita 42, wanda ya tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan ɗaya tun daga lokacin. Dabarar mai sauƙi ce. Mai gudu yakan zagaya 'yan'uwa da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar in ya kammala. Shi ya ba da gumi, su su ba da kuɗi, jama'ar da suka tsaya kallo a bakin hanya kuma su tambayi dalili.

A ɓangaren ciwon sukari, iyaye ne suka fara. A 1970 wasu iyaye mata a Amurka, cikinsu har da Lee Ducat da Carol Lurie, waɗanda 'ya'yansu suka kamu, suka kafa gidauniyar da aka daɗe ana kira JDRF, wadda ta canza suna zuwa Breakthrough T1D a 2024. Kusan sa'ar Ekklesiyar nan ce. Tattaki da gudu da tseren keke suna cikin manyan hanyoyin da take tara kuɗi, ta kuma zuba kuɗin a binciken da yau ake cin amfaninsa. A 2016 aka amince a Amurka da na'urar farko da take auna sukari da kanta tana daidaita insulin da take turawa cikin jiki. A 2022 aka amince da wani magani mai suna teplizumab, wanda yake jinkirta bayyanar ciwon kimanin shekara biyu ga waɗanda gwaji ya nuna suna kan hanyar kamuwa. A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji inda aka dasa wa mutum 12 ƙwayoyin halitta masu yin insulin waɗanda aka raina a ɗakin bincike, bayan shekara ɗaya 10 daga cikinsu ba sa bukatar allura. Amma dole su riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki, masu nasu haɗarin, saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce kwamitin lafiya ya ce an sami waraka.

Masu ciwon da kansu ma suna gudu. Sébastien Sasseville, ɗan Kanada mai nau'i na ɗaya, ya ratsa ƙasarsa da gudu a 2014, fiye da kilomita 7,000 cikin wata tara. Matasanmu masu cika gidajen kallon ƙwallo kuwa sun san Nacho Fernández. Yana ɗan shekara 12 aka gano masa ciwon, shi ne kuma kyaftin ɗin Real Madrid da ya ɗaga Kofin Zakarun Turai a 2024. Idan kuna da ƙane mai wannan ciwo, ku ba shi labarin nan, ku kuma daina ajiye shi a benci.

INA KUƊIN ZA SU TAFI?

A nan kwamiti ya yi doguwar muhawara, ba za mu ɓoye muku ba. Wasu suka ce, yaro yana bukatar kwalbar insulin gobe da safe, ina ruwansa da binciken da sai bayan shekara 20 za a ga amfaninsa, shi ma a Turai? Maganarsu tana da ƙarfi. Abin da za mu tara ba zai sayi ko kujerun ɗakin binciken Toronto ba, na'urorin da muka ambata kuma sun fi ƙarfin aljihun kusan kowa a nan.

Amma akwai binciken da babu mai zuwa daga waje ya yi mana. Yara nawa ne suke da ciwon nan daga Kangire zuwa Fagam, nawa ne kuma suke samun allura ba yankewa? Lissafin da muka karanta muku ɗazu ƙiyasi ne na duniya, ba ƙidayar gida-gida ba. Ƙungiyoyi irin su Life for a Child, wadda aka fara a Ostareliya a shekara ta 2000 tana aika insulin da kayan awo zuwa ƙasashe fiye da 40 har da Nijeriya, ta hannun asibitoci suke aiki, asibiti kuma sai da sunaye a rubuce yake iya nema. Yaron da ba a rubuta shi ba, ba a lissafa shi a rabo. Ga kuma maganar zafi. A 2021 likitocin ƙungiyar MSF da Jami'ar Janiba sun nuna, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, cewa insulin yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Labari ne mai daɗi, amma ɗakin kwano a Gwaram da bazara ya wuce nan. Wa zai sa ma'aunin zafi a cikin tukunyar Bah Abba a gidajenmu daga Maris zuwa Mayu ya rubuta abin da ya gani? Littattafan da ake koya wa iyaye lissafin abinci kuma da burodi da dankalin Turawa suke misali. Mu muna so a auna mana malmalar tuwon dawa, da ludayin kunun tsamiya, da dunƙulen fura. Irin wannan aiki likita ɗaya mai himma da ɗalibai biyu za su iya yi da kuɗi kaɗan.

Saboda haka shawarar da muka kawo ita ce a raba abin da aka samu kashi uku. Kashi biyu su tafi ga insulin, sirinji, takardun awo da kuɗin mota zuwa asibiti ga iyalan da suka gaza, ko 'yan Ekklesiya ne ko ba su ba ne. A sayi na'urar awo a ajiye a majami'a da kowane reshe namu na ƙauye, a koya wa mutum biyu amfani da ita. Kashi na uku a keɓe shi domin bincike na gida. Muna da gata a nan, domin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya tana cikin Birnin Kudu, ga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ga na Malam Aminu Kano a Kano. In Ekklesiya ta yarda, za mu rubuta wa likitocin yara na waɗannan wurare mu nemi wanda zai karɓi aikin bisa ƙa'idojinsu, gama bincike a kan 'ya'yan mutane ba a yinsa sai da izinin hukumar asibiti da yardar iyaye. Kuɗin ba za su shiga asusun gini ba. Mutum uku za su sa hannu, ɗaya daga Dattawa, ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga cikin iyayen yaran, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a kamar yadda ake karanta na baiko.

YADDA ZA A YI GUDUN

Ranar 14 ga Nuwamba ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ranar haihuwar Banting, an kuma fara kiyaye ta a 1991. Muna ba da shawarar Asabar ɗin da ta fi kusa da ita. Lokacin iska ta fara sanyi, amfanin gona kuma ya shigo gida. A tashi da ƙarfe 6:30 na safe, a gama kafin rana ta yi zafi. Matasa su yi kilomita 10, masu matsakaicin ƙarfi kilomita 5, iyaye da yara kuma su taka kilomita 2 a hankali. Bahaushe yana kiran irin wannan tsere gudun yada ƙanin wani. Namu dai mota za ta bi baya ta ɗauki duk wanda ya gaji, ma'aikacin lafiya yana ciki. Shekara ɗaya a Birnin Kudu, mai zuwa a Gwaram. Ba za mu bi babban titi ba saboda manyan motoci, za mu kuma nemi izinin hukuma da na masu sarauta tun da wuri. Za mu gayyaci maƙwabtanmu Musulmi da makarantun gari, domin a layin asibiti tare muke zama da su a benci ɗaya, 'ya'yansu suna fama da abin da namu suke fama da shi.

Kowane mai gudu zai karɓi takardar alkawari. Mai naira 200 a kan kowane kilomita ya rubuta, mai 5,000 ya rubuta. Manomin da ba shi da kuɗi a hannu ya yi alkawarin tiyar gero ko ta riɗi, Zumuntar Mata za su tara su kai kasuwa. 'Ya'yanmu da suke aiki a birane, ku ma akwai takardarku, ba sai kun zo ba.

Yaranmu masu ciwon za su shiga, amma da sharaɗi. Kowane ya ga likitansa tun makonni kafin ranar, domin sau da yawa akan rage allurar da ta gabaci gudu, wannan kuwa likita ne yake yanke shi. A auna kafin a tashi. In awo ya gaza 90 mg/dl, ya ci wani abu tukuna. In ya haura 250, sai an duba kiton, in akwai ko yaron ba ya jin daɗin jikinsa, ranar nan ɗan kallo ne. Kada a yi allurar safiyar a cinya, domin ƙafar da take gudu tana jan maganin da sauri. Kowane ya riƙe sukari a aljihu, ya sa takalmin da ya saba da shi, babba ɗaya kuma ya bi shi kafaɗa da kafaɗa. Iyaye su sani cewa sukari yana iya faɗuwa cikin daren da ya biyo bayan gudu, saboda haka a auna kafin barci, a ba shi ɗan abinci, a sake dubawa da tsakar dare.

Bayan an tashi daga wannan sujada, akwai tebur a bakin ƙofar majami'a. Ma'aikatan lafiyarmu suna can da na'urar awo, za su auna duk yaron da iyayensa suka ji wata alama daga cikin waɗanda muka lissafa, kyauta, ba kuma za a faɗa wa kowa sakamakon ba sai iyayen. A teburin ne masu niyyar gudu za su rubuta suna su karɓi takardar alkawari. Muna bukatar mai mota ɗaya, da masu babur huɗu, da mata shida da za su tsaya da ruwan sha a hanya. Shawarar rabon kuɗin kuma mun miƙa ta ga Majalisar Dattawa a rubuce, muna roƙo a ba mu amsa a zamansu na gaba.